Kazar Uwa a Akwatin Batir

"Lahiya lau, amarya, in dai haƙoranki sun kwan lahiya, su biyun."

Dikko ke nan, makanikin wata tsohuwar lori a Birnin Kabi, shekarar samun mulkin kai. Jiya ya ɓoye batirin motar, irin na da mai tuluna ukku cikin akwatin katako, a gidan kakarsa Uwa don gudun ɓarayin tasha. Yau an cika mota da albasa za a kai Argungu, rana tana dukanta, direba yana jira.

"Ina batirina?"

"Baƙaƙen tulunan ga ukku masu wari? Suna bayan rumbu. Na sa Hodi ɗan maƙwabta ya ɓamɓaro su."

"Akwatin fa?"

Ta nuna da haɓa. Kaza ce a ciki, ta baje a kan ƙwai.

"Tsohuwa, Turawa sun zauna sun auna katakon ga don kada tulunan su fashe a hanya, ke kin ba kaza."

"Turawan ai sun tahi. Kazata tana nan."

"Albasar mutane za ta ruɓe."

"Ƙwaina kuma su huce? Kai miji ne ko annoba? Tun da na aure ka ban ga ko ɗankwali ba, sai baƙin mai a tabarmata."

"Wa zai saya miki ɗankwali? Da ke fa aka gina ganuwar Surame."

"Da ni aka gina, kuma tana tsaye. Motarka sai an tara ƙattin unguwa sun tura."

Dikko ba mai dogon zance ba ne. Ya kai hannu zai ɗaga kazar, ta sare shi a yatsa.

"Ka gani? Ko kaza ta san rago."

"Na sake ki."

"Saki na nawa? Tuwo zai dawo da kai."

Ya zauna yana tsotsar yatsa. Ya san in ya ɗora tulunan haka tsirara, kafin a kai garin Ambursa sun tsage, ruwansu ya cinye ƙasan mota.

Uwa ta yi dariya har da tari. Ta shiga ɗaki ta jawo wani akwati, ta zazzage zannuwan ciki.

"A wanga kakanka ya kawo kayan aurena. Cusa tsumma a gefe."

Ya jera tulunan, suka zauna daram.

"Ɗan wannan? Ashe abokin takarata ma marowaci ne."

"Shi dai ya kawo. Ɗauka ka ɓace."