Rawanin Baba Malam da Kwikwiyona

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar sunan 'yata ta fari a Onitsha na sha kunyar da za ta ishe ni har tsufa. Amma tun yanzu in gaya muku, ban yi nadama ba.

Awaki nake sayarwa a wajen kasuwar Head Bridge, garkena kuwa a bayan gida yake. Karnuka biyu ke gadinsa, Duna da Jar-kunne, duk sun tsufa (Duna ma sai ɓarawo ya taka masa wutsiya yake farkawa). Shi ya sa na karɓo ɗan kwikwiyo a wurin maƙwabciyata Mama Nkechi. Ina ajiye shi tsofaffin nan suka yi kansa, da ƙyar na ƙwace shi daga bakin Jar-kunne.

Mama Nkechi ta leƙo ta katanga. "Oga, no be so, ba haka ake yi ba! Samo tufar mai ba su abinci ka naɗe shi a ciki. In sun ji ƙanshin mai ciyar da su, ba za su taɓa shi ba."

Na zari wani farin ƙyalle da ke rataye a ƙusa (wallahi na ɗauka tsohon hiramina ne), na naɗe kwikwiyo, na kwantar a garke. Suka zo suka shinshina, sai ga wutsiya tana kaɗawa. Na dinga hura hanci, wai ni gwanin karnuka.

A lokacin surukina Baba Malam ya riga ya zo daga Zariya saboda sunan, a gidana ya sauka. Tun ranar da ya sauka ya ce shi ba ya sakewa a gidan da ake kiwon kare. Kullum da yamma ina aika masa balangu, kwano ya dawo tas, ko da yake yana kukan ciwon haƙori. Sai kuma aka shiga cigiyar rawaninsa. Ni har da taya shi zargin yaran unguwa!

Da safiyar suna an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga liman, ga mahauta, ga 'yan kasuwarmu. Baba Malam da hula kawai, ya ɗaga hannu zai fara addu'a. Sai ga kwikwiyo ya fito yana jan farin ƙyalle, Duna riƙe da ɗaya bakin, Jar-kunne a baya kamar 'yar rakiyar amarya. Ba su zame ko'ina ba sai gaban Baba Malam. Suka ajiye masa, Duna ya kwanta ya ɗora haɓa a kan takalminsa.

"Wannan ba rawanina ba ne?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Yau ɗin nan a fitar da wannan abin daga gidan 'yata," in ji shi.

Surukin kirki sunkuyar da kai zai yi. Ni kuwa bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, a gafarce ni, amma kwikwiyo ba inda za shi, awakina yake wa girma. Kuma an ce dabarar ba ta ci sai da tufar mai ba su abinci. To, yaya aka yi ta ci da rawaninka?"

Liman ya hau tarin da babu shi. Daga bayan labule na jiyo matata tana ƙunshe dariya.

Baba Malam ya kalli Duna, ya kalle ni, ya gyara zama. "Haƙorana ba sa iya balangu. Zubar da abinci kuma almubazzaranci ne. Jama'a, a yi fatiha."

Na wanke rawanin har da ƙasa, na kuma sayo sabo a Kasuwar Relief na kai da durƙuso. Amma kwikwiyo yana nan, ya zama ƙato, tun da ya girma ko jelar akuya ban rasa ba.

Darasin da na koya ɗaya ne: in duba ƙyalle kafin in zara. Yanzu in Baba Malam ya zo, ninka masa balangu nake yi. Ba ya tambayar dalili, ni ma ba na tambayar inda balangun yake tafiya.