Rediyon Inna a Cikin Langa

"…lahiya lau, amma ba gaisuwa tak kawo ni ba. Ina rediyon Inna?"

Wata mata mai suna Tambaya ce ta faɗi haka tun ƙafarta ɗaya tana waje, a ƙofar shagon ɗinkin Hamidu da ke Bungudu. Da hantsi ta baro Tsafe, ta canza mota a Gusau, ga shi azahar ta kusa. Mahaifiyarta, Inna Uwa, yayar mahaifin Hamidu ce, don haka su biyun taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu lami lafiya ba. Hamidu tela ne, amma kowa ya san ɗinkin na neman abinci ne kawai. Zuciyarsa tana ƙuryar shagon, inda yake haɗa rediyo da hannunsa. Sati bakwai da suka wuce ya je Tsafe ya ɗauko rediyon gwaggonsa, wai yana shaƙewa, zai gyara ya mayar jibi.

Hamidu bai ko ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ba.

"Haba baiwa, haka ake shigowa gaban ubangida? Koma ki yi sallama, ki durƙusa. Ya Tsahe? Ya Gwaggo?"

"Ubangidan wa? Kai da uwata tag goya ka kana tsula mata hitsari? Gwaggon da kake tambaya tana can tana jiran jibi. Wai jibin Bungudu wata nawa ne?"

"Aikin injiniya ba suyar ƙuli ba ne da za a kwashe da zahi. Kin amso mini saƙon da na ce wurin Ɗahiru?"

Ta kwance bakin mayafinta, ta wurga masa wata 'yar leda a cinya.

"Ga tsiyarka nan. Sau ukku ina zaga kasuwar Gusau cikin rana ina tambayar shagon Ɗahiru mai kayan wuta. Da na same shi, yam miƙo mini wanga ɗan zaren ƙarhe, wai dalma. Kuma don wulaƙanci yad dube ni yac ce, 'Ke ce uwargidan Injiniya?' A gaban mutane!"

"Mi kinka ce mishi?"

"Na ce Allah ya tsari gatarina da... na ce dai Allah ya kiyaye. Na ce ban san wani injiniya ba, tela na sani, wanda ke ɗinka wando ƙahwa guda ta hi guda tsawo."

"Ƙahwar mijinki ce ba daidai ba, ni awo na bi."

"Rediyo, Hamidu."

"Zauna ki sha ruwa."

"Rediyo."

Da ta ga zai ci gaba da noƙe-noƙe, sai ta ɗage labulen ƙuryar ta kutsa kai. Ɗaki ne ƙarami, ko'ina waya: a bango, a ƙasa, har a jikin taga. Ga tsofaffin batura, ga 'yan korayen alluna masu ƙananan ƙafafu, ga ƙarfen narka dalma a kan bulo. A gefen tebur ta hango baƙin akwatin rediyon Inna, da igiyar ratayarsa ta fata. Ta yi hamdala ta sure shi. Ya yi mata sakayau a hannu, wani abu ya yi kacau-kacau a ciki. Ta buɗe bayansa, maɓallan riga da ƙwaryar zare suka zubo.

"Innalillahi! Hamidu! Maɓallai?"

"Kada ki zubar mini, na shaddar mutane ne."

"Ina hanjin rediyon? Ka yanka shi ka cinye?"

"Ke dai ba ki da ilimi. Akwatin roba ne, ya tsage, iska na shiga. Sai na yi mishi ƙaura zuwa gidan da yah hi wancan. Ga shi can, ki gaishe shi."

Ya nuna mata wata langa a kan wata kanta da ke jikin bango, fara mai jajayen furanni. An huda murfinta ya fi sau talatin, an kafa mata makunni biyu a jiki, wata waya ta fito ta gindinta ta bi taga. Tambaya ta matsa kusa. Ta ƙare mata kallo.

"Wagga langar wa ce?"

"Ta rediyo."

"Langata ce! Ta kayan ɗakina! Wadda na aiko da dambun nama ranar sunan ɗiyarka, na aiko a amsa sau huɗu kuna ce mini an ara! Shekara ashirin da biyu tana jere, ko ƙwarzane babu, kai kas sa ƙusa kah huda ta kamar gwagwar ɗan wake?"

"Ɗaukaka ta samu. Da tuwo take ɗauka, yanzu duniya take ɗauka. Ƙarhe na tare hayaniya, ki tambayi kowa. Kuma abin baiwa ai na ubangidanta ne."

"Wallahi ka ƙara ce mini baiwa sai na kihe maka ita a ka, mu ji tashar da za ka kama."

"Tsaya ki ji aiki tukuna, sannan ki yi haukan."

Ya murɗa makunni ɗaya. Langar ta yi tari, ta yi shuuu kamar an zuba ruwa a mai. Ya murɗa na biyu a hankali, yana lumshe ido. Sai ga wani ƙit-ƙit-ƙiiit, ƙit-ƙiiit, siriri, yana zuwa yana ɓacewa.

"Kin ji?" Fuskarsa ta cika da fara'a. "Kin ji shi?"

"Na ji gyare ya shiga langata."

"Gyare! Mutum ne, jahila. Wani ne can bayan teku, shi ma da hannunshi yah haɗa nashi kamar ni, yana magana da ɗan'uwanshi da ƙwanƙwasa, kowane ƙit da ma'anarshi. Mu da yawa ne a duniya. Na sake naɗin wayar ciki, na ƙara mishi kunne, yanzu gajeren zango babu inda ba ya kaiwa. Shekaranjiya har Larabawa na ji suna gardama."

"To shi mai ƙit-ƙit ɗin, kai yake gaidawa?"

"A'a, ni ban da takardar izinin yin magana tukuna. Saurare nike."

"Ba su san kana ji ba?"

"Ina za su sani?"

"Wato laɓe."

"Ba laɓe ba ne, bincike ne!"

"Laɓe ne. Ƙato da kai, hurhura a gemu, ka rufe kanka a ɗaki kana laɓe wa mutanen da ko yarensu ba ka ji. Mu a Tsahe mai wagga ɗabi'a ruwan wanke-wanke ake watsa mishi. To na ji. Murɗa mini tashar Gusau, wadda Inna ke saurare."

Hamidu ya sosa ƙeya.

"Ta ɗan matsa."

"Ta matsa ina? Gusau ɗin anka ɗauke? Yanzu na baro ta tana nan inda take."

"Wurin ƙara mishi nisa ne, sai na kusa yaɓ ɓace. Dalmar da kinka kawo ai ta wannan aikin ce. Ki ba ni kwana ukku."

"Rediyon da ke jin bayan teku amma ba ya jin Gusau! Kai ne sak. Kana jin mutanen da ba su san ka ba, ba ka jin gwaggonka."

Ya buɗe baki zai rama, amma ya ga ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta daina ɗaga murya.

"Ka san idonta ya tahi, Hamidu. Ba ta zuwa ko'ina. Wanga akwatin shi ne kasuwarta, shi ne makarantarta. Da sahe karatu, da rana gaishe-gaishe da sanarwa. Ka tuna Hajara ta 'Yandoto, ƙawarta ta tun 'yanmatanci?"

"Mai kawo muna ɗorawa? Ina zan manta ta."

"Ta rasu. An yi sanarwa a rediyo kwana biyu a jere. Mu muna wurin aiki, babu wanda yaj ji. Sai bayan sadakar bakwai wata mai nono taf faɗa mata, a tsakar gida, kamar labarin kasuwa. Inna ba ta yi kuka ba. Cewa kawai tay yi, 'Da rediyona na nan da na je na yi mata rakiya.' Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba."

Langar tana ta ƙit-ƙit. Hamidu ya miƙa hannu ya kashe ta.

"Allah ya jiƙanta," ya ce a hankali. "Wallahi ban sani ba. Niyyata in kai mata abin da duk Tsahe babu irinshi."

"Ba irinshi tac ce tana so ba, nata take so."

Tana faɗin haka idonta ya sauka a kan wani abu a can saman kantar, an lulluɓe shi da farin ƙyalle mai aikin sama. Ta miƙe ta yaye. Rediyo ne a cikin akwatin katako, an goge shi yana sheƙi, da ɗan gilashi a gaba, da farantin sola a kansa.

"Kai! Kada ki taɓa!" Hamidu ya yi tsalle har yana ture kwanon ƙusoshi. "Wanga ba na wasa ba ne. Shekara ukku ina haɗa shi. Kayanshi a ƙunshi na sa anka kawo mini daga Legas, ɗaya bayan ɗaya na liƙa su. Ko Nusaiba matata ba ta goge shi."

Tambaya ta murɗa. Nan take muryar mai gabatarwa ta cika ɗakin, tas kamar yana zaune a kan buhun ƙyallaye, yana karanto gaisuwar wasu mutanen Magami zuwa ga 'yan'uwansu na Furfuri.

"Au! Ashe Gusau ba ta matsa ba a nan."

"Wannan daban ne."

"Awo, na ga daban ne. Yana cin batir?"

"Rana yake ci."

"Madalla. Rana kam muna da ita a Tsahe."

Ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa, ta ɗora rediyon a tsakiya, ta fara ƙulla bakin.

"Ke! Mi kike yi? Tambaya! Wanga sata ce da rana tsaka!"

"Kira mai unguwa. In yaz zo in nuna mishi langata da maɓallan da ke cikin rediyon tsohuwa, mu ga wanda za a ɗaure."

"Ki ɗauki keken ɗinkin! Ki ɗauki babur!"

"Keken ɗinki na karanta sanarwa?"

"To ba zai yi miki aiki ba. Ba ya magana sai da eriyarshi, ita kuwa tana can ƙololuwar dogonyaro, kamu talatin."

"Hau ka kwanto."

"Ni? Da girmana? Magidanci mai 'ya'ya shida?"

"Aljani yah hau maka yaɗ ɗaura? Yadda kah hau haka za ka koma. In kuwa ba ka iyawa, ni zan ɗaure zane in hau, Bungudu ta taru ta ga yadda kake tarbar baƙi."

Ya san za ta aikata. Ya tuɓe hula, ya naɗe ƙafar wando, ya jingina tsani a jikin bishiyar bayan shagon yana ƙunƙuni. Tana ƙasa ta riƙe ƙugu.

"Yi a hankali, kada ka faɗo ka tsinka wayar."

"Wayar kike ji, ba ni ba?"

"Kai akwai irinka da yawa a duniya, da bakinka kaf faɗa."

Ya sauko da ganye a gashi, da ƙaiƙayin tururuwa a wuya, ya naɗe wayar a gwiwar hannu. Ya miƙa mata, sai kuma ya janye.

"Wa zai ɗaura miki a can? In anka karkata ta ba daidai ba, banza ce. Gabas da yamma take so."

"Mijina zai ɗaura."

"Wanda ko igiyar akuya ba ya iya ƙullawa? Ya lalata mini aikin shekara ukku? Allah ya sawwaƙe."

Ya tsaya yana duban ƙullin mayafin, ya dubi wayar da ke hannunsa. Can ya yi tsaki, ya shiga ya ɗauko hularsa da kwaɗo, ya ja ƙofar shagon.

"Mu tahi. Ni zan ɗaura da kaina. Kuma in nuna mata inda za ta murɗa, in ɗaura zare a wurin don ta riƙa lalubawa. Na ba ta, halak malak. Amma ki sani ba don ke ba."

"Langata hwa?"

"In na gama gyara ta na kawo miki. Ki jera ta a ɗaki, kowace mata tata langa shiru, taki tana Larabci."

Suka kama hanyar tasha, ita da rediyo a ka, shi da naɗin waya a kafaɗa. Sun kusa bakin titi ya rage tafiya.

"Tambaya, abu guda nike roƙo. In mun isa, ki shiga gaba."

"Don mi?"

"Gwaggo na nan da sandar nan tata?"

"Tana nan. Har sabon ƙarhe anka sa mata a gindi."

"Ai ba ta gani, ko?"

"Ba ta gani, amma muryarka take jira. Jiya da kunne kawai tas sami zakara a bakin rumbu."

Hamidu ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Dariyar da Tambaya ta danne tun azahar ta ƙwace mata, har sai da ta dafe rediyon da hannu biyu. Ta laluba lalitarta, ta ɓantaro rabin goro ta miƙa masa.

"Amshi, ɗan kawu. Tauna ka sami ƙarhin shan duka."

Ya karɓa ya jefa a baki, shi ma yana dariya, ya ɗaga hannu ya tsayar da motar Gusau.