Ungulu 'Yar Wane Gari?

Lokacin da Sarkin Fawa Jatau yake yaro, ungulu a mahautar Tudun Gawo sai an kore su da sanda kafin a sami wurin shanya fata. Yanzu kuwa sun kusa ƙarewa ƙaf. Masu neman kawunansu don haɗa magani sun kwashe wasu, guba ta kashe wasu, saura guda ɗaya tilo, wata tsohuwa mai ɗingishi, wadda Jatau kan jefa da takalmi in ta matso kusa da tumbi.

Ana nan sai ga masu kare namun daji sun zo da kyamarori. Da suka gan ta suka rikice, wani har da dafe kai. Suka ce irinta ta kusa ƙarewa a duniya, kuma garin da take zaune za a haƙa masa rijiyar burtsatse, don mutanensa su riƙa kula da ita. Jatau ya ji kamar ya rungume ta. Shekara da shekaru da ruwan kududdufi yake wanke hanji, ruwa kore shar, wanda in bazara ta yi ma sai ya ƙafe.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ungulun nan a Tudun Gawo take ci, amma da yamma ta yi sai ta tsallake rafi ta kwana a kan wani rimi a Unguwar Maje. Mai garin Maje kuwa, Barmo, ya ce shi ma a ƙishirwa ba wanda zai nuna masa komai.

Jatau ya daina jifa. Ya raɗa mata suna Gwaggo, hanta yake yanka mata ƙanana-ƙanana. Ya sa aka kafa mata dogon gungume a bayan mahauta, da rumfa, har da tsohuwar katifa. Ya ɗauko mai kalangu yana yi mata kirari. Gwaggo ta ci ta ƙoshi, ta dubi katifa sau ɗaya, ta tashi sai Maje. Su kuma mutanen Maje, waɗanda bara waccan suka so sare rimin don wai ungulu ba alheri ba ce, suka kewaye shi da ƙaya, suka hana mai injin niƙa tayar da inji bayan la'asar, kada a dame ta.

Da Jatau ya ga abin ya ƙi, sai ya ɗura mata kitse wuni guda har ta kasa tashi. Ya koma gefe yana murmushi. Wallahi baiwar Allahn nan da ƙafa ta tafi, tana ɗingishi, ta ratsa yashin rafi, mutanen Maje na biye da ita suna “Sannu, sannu,” suka jingina mata tsani a jikin rimin.

Rigima ta kai har sai da Ciyaman na ƙaramar hukuma ya zo raba gardama. Aka taru a ƙarƙashin darbejiya, ita kuwa mai gayya tana kan katanga tana susa, ko a jikinta.

Barmo ya fara, ya ce, “Ranka ya daɗe, tamu ce. Mu muka ba ta masauki. Kullum da safe kashinta muke sharewa.”

Jatau ya zabura ya ce, “Kashin ma na naman wa ne? Ranka ya daɗe, tambaye shi ko ƙashin kaza ya taɓa ba ta! Ni ke ci da ita tun ƙafarta na lafiya.”

Barmo ya ce, “Wa ya sani ko takalminka ne ya gurgunta ta?”

Ciyaman ya ɗaga hannu. Ya gyara babbar riga ya ce, “Ai wannan ba abin ɓata lokaci ba ne. Ba a tambayar mutum inda yake ci. Inda yake kwana nan ne garinsu. Rijiya ta Maje ce.”

Matan Maje suka ɗauki guɗa. Jatau ya ji abin har ƙoƙon ransa, hantar da ya yi ta yanka mata ta tafi a banza, ga kududdufi na jiransa. Ya cire hula, ya durƙusa a gaban Ciyaman cikin ladabi, ya ce:

“Ranka ya daɗe, mun karɓi hukunci. Sai dai a taimaka a samo mana Ciyaman ɗan garin nan, tunda kai ma a birni kake kwana, nan ci kawai kake zuwa yi.”