Man Shanun Kaka Bobbo da Farantin Masu Girma

Jiya aka fitar da ni daga ɗakin taro a Ikara, mutum biyu suna riƙe da ni kamar ango. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni dai tambaya ce ta kai ni bakin titi.

Bayan sallah ne masu girma Iyayen Lafiyar Talaka, Allah ya ƙara wa tumbinsu albarka, suka raba mana takarda mai hoton faranti. Rabinsa ganye, gefe kifi, ga wani ɗan itace da ko a kasuwar Makarfi ban taɓa gani ba. A ƙasa an zana man shanu, an soke shi da jan layi. Yayata Rahama, mai dafa wa kakanmu Bobbo abinci, ta manna takardar a bango, ta ɓoye ƙwaryar mai. Tsoho ya ce tuwon da ba man shanu a kai wa kaji. Loma biyu yake yi ya ture kwano. Yanzu wandonsa ma ya fara gudunsa.

Da na fara ƙorafi a kan takardar, maƙwabcinmu Ukasha ya ce, "Kai da ka tsere daga aji uku, ka fi likita ne? Ni da na rage gishiri, jirin nan ya sake ni."

Na ce, "Na yarda, gani ya kori ji. Gishiri mun gani a jikinka. Man shanun fa, a jikin wa aka gani?"

Shi ya sa na hau acaɓa na je taron wayar da kai, na ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, wa ya gano man shanu na kisa?"

Babban baƙo ya gyara hula. "An yi bincike, yaro."

"A ina, yallaɓai?"

"A ƙasashen waje."

"Su ma tuwon dawa suke ci, su wuni a gonar rake?"

Ya yi tari. "Masana na kan muhawara. Baɗi ana sa ran sabon faranti."

"To kakana ya jira baɗi da yunwa?"

Daidai nan aka shigo da abincin mahalarta: kaji suna iyo cikin mai, ga lemon kwalba kamar a gidan biki. Kafin a fara rabo aka raka ni waje. Ban ga laifinsu ba. Bayin Allah sun sadaukar da jikinsu ne, suna gwada mana illar maiƙo don kada ta same mu.

Na koma gida na ce, "Yaya, su ma ba su gama shawara ba."

Ta dubi tsoho, ta dubi bango. Can ta ce, "Cokali ɗaya. Gishiri kuwa ko ya yi kuka ba zan ƙara ba."

Kaka Bobbo ya share kwano har da suɗe yatsu.

Takardar ma ba mu yar ba. Da ita ake rufe ƙwaryar man saboda ƙuda. Kada wani ya ce manya ba su taimaki abincinmu ba.