Wayar Karafan Ɗin Alhaji Mudi

Ba zan taɓa mantawa da warin robar nan ba, ko da kuwa zan manta lambar wayata. Har yau in na bi ta gefen masu facin taya sai in waiwaya in ga ko Alhaji Mudi yana bayana.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni injiniya ne, amma na ban ruwa. Abin da ya kawo ni Alƙahira ke nan, digiri na biyu a jami'ar da ke Giza, kan yadda ake jan ruwa daga kogi a kai gona. Abin da na sani game da lantarki bai wuce biyu ba: yana jan mutum, kuma ana ɗauke shi. Amma tun ranar da na sauka a gidan da muke haya a unguwar Faisal ɗalibai 'yan uwana suka laƙaba mini "Injiniya", Misirawa kuma suka ɗora da "ya bashmuhandis", wato babban injiniya (ashe ko mai gyaran famfo haka suke kiransa, ni kuwa na ɗauka wani abu suka hango a goshina). Fanka ta tsaya, a kai wa Injiniya. Caja ta ƙi, a kai wa Injiniya. Ni kuma in karɓa, in jujjuya, in hura mata iska, in bubbuga. In ta tashi, ilimi ne. In ba ta tashi ba, ai kwayil ne ya ƙone. Shekara biyu ina wannan sana'a, bakina bai taɓa furta "ban sani ba" ko sau ɗaya ba.

Shi Alhaji Mudi ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu, Bazazzagi, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. 'Yarsa Zulaiha nake so, mai karatun haɗa magunguna. Kawuna ya riga ya kira shi daga Kano ya gabatar da maganata, Alhaji ya ce za su duba. Wata huɗu ana dubawa. Duk wanda ya taɓa jiran amsar uban budurwa ya san halin da nake ciki, ko tari Alhaji ya yi sai na kwana ina fassara shi.

Ana nan sai Alhaji ya sayi karafan a hannun wani Bature da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Mota ce doguwa mai ɗaki a ciki, da gado, da firji, da esi mai sanyaya ɗaki, da ɗan wurin girki har da banɗaki. Hajiya matarsa ta ce ita ba ta ga dalilin da mutum zai bar gida ya tafi yawo da wani gidan ba, amma Alhaji ya ƙwallafa rai. Matsala ɗaya, Baturen ya tafi da doguwar wayar da ake jona motar da wutar waje. Abin da ya bari wata 'yar guntuwa ce, kanta ɗaya shuɗi mai shiga jikin motar, ɗayan kuma fulogi irin na gida.

"Injiniya, ga aikinka ya samu," in ji Alhaji ranar da na je gaisuwa. "Kwana uku da Sallah za mu gonar wani abokina a hanyar Sakkara. Ka samo mana wayar da za ta ja wuta daga ɗakin maigadi zuwa motar. Ka san irin wadda ake bukata ai?"

Nan fa Allah ya buɗe mini ƙofa, fankacaciya. Da na ce, "Baba, zan tambaya," da shi ke nan. Amma sai na gyara zama na ce, "Baba, wannan ai ƙaramin abu ne."

Washegari na tafi shagon Amm Ragab, wani dattijo mai sayar da kayan wuta a layinmu. Ina faɗa masa na karafan ne, sai ya ajiye shayinsa ya hau yi mini tambayoyi. Esin wuta nawa yake ja? Za a kunna wani abu tare da shi? Daga soket zuwa motar tafiyar mita nawa ce? Ko ɗaya ban san amsarta ba, saboda haka na ɗauke su a matsayin raini. Ya shiga ciki ya jawo wata waya ruwan lemo, mai kaurin yatsa, nauyi kamar igiyar rijiya. Ya ce mita ashirin da biyar ce, zare uku a cikinta har da na ƙasa, kaurin kowanne mili biyu da rabi, robarta tana jure rana da ruwa, kuma kanta shuɗi ne, kai tsaye za ta shiga jikin motar.

Ni kuwa idona yana kan wata. Ja ce, siririya, a naɗe a jikin wani gangan roba mai hannun juyawa, da soket huɗu a gefe. Mita hamsin! Ka juya hannu ta fito, ka juya ta koma. Na hango kaina ina juya hannun nan a gaban Alhaji, Zulaiha na leƙowa ta taga.

"Wannan ta cikin gida ce, ya bashmuhandis," in ji Amm Ragab. "Fitila, fanka, khalas, shi ke nan. In kuma ka dage, to ka warware ta gaba ɗaya. Kada ka bar ta a naɗe, zafi take tarawa."

Na yi irin murmushin da malami ke yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari. Na ce, "Amm Ragab, a garinmu da wayar da ba ta kai wannan ba muke haɗa firji da dutsen guga da talabijin da injin markaɗe, kuma ban taɓa ganin ta ƙone ba." (Wallahi ba ƙarya na yi ba. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Dattijon ya dube ni, ya dubi ganga, ya ce, "Tamam. Kai ne injiniya."

Ranar tafiya rana ta fito da niyya. Muka isa gonar da hantsi, Alhaji ya tsayar da motar a inuwar mangwaro. Ashe tsakaninta da ɗakin maigadi bai fi taku goma sha biyu ba. Na juya hannu na zaro daidai bukata, sauran mita arba'in na bar su a naɗe tsaf, gwanin sha'awa. Ina durƙushe ina jonawa sai ga Zulaiha ta zo wucewa da tire, ta tsaya ta karanta 'yar takardar da ke manne a jikin gangan.

"Injiniya," ta ce a hankali don kada iyayenta su ji, "ka ga sun rubuta lamba biyu. In tana naɗe, abin da za ta ɗauka ko rabin na warwararriya bai kai ba."

Na ce, "Wannan ai don Turawa ake rubutawa, kin san su da tsoro. Ke dai ki ji da ƙwayoyinki."

Ban tsaya nan ba. Don kada Hajiya ta yi tuntuɓe, na samo wata tsohuwar darduma na lulluɓe gangan ruf. Don kuma Alhaji ya ga tsaftar aiki kusa da kusa, na tura shi ƙarƙashin kujerar robar da zai zauna a kai. Da maƙiyi na ɗauko haya ya shirya mini abin, da bai kai ni iya tsari ba.

Na kunna, wuta ta kama, esi ya yi gurnani. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Daɗi ya kashe ni. Hajiya, wadda ta ce ba ta ga amfanin motar ba, ta shige ciki ta ga amfanin komai a lokaci guda. Ta ƙure esi, ta cika firji, ta jona butar shayi, ta ɗora naman Sallah a rishon lantarki. Haka aka yi ta yi har bayan azahar. (Su ma Misirawa sukan ɗauke wuta wani lokaci. Amma ranar da nake da bukata, ko ƙiftawa ba ta yi ba.)

Bayan an ci an sha, Alhaji ya zauna a kujerarsa cikin farar shadda, ya yafito ni. Na zo na tsuguna. Ya yi gyaran murya.

"Game da maganar da kawunka ya kira ni a kai..."

Wata huɗu nake jiran ƙarshen wannan jimlar. Sai ya tsaya, ya shinshina iska.

"Hajiya, namanki yana ƙonewa."

Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Namana lafiyarsa lau. Ku dai duba ƙarƙashinku."

Muka duba tare. Baƙin hayaƙi ne ke fitowa ta tsakanin ƙafafun Alhaji, darduma ta fara ci, jar roba tana ɗiga a ƙasa. Mutumin da ke sallah a zaune saboda ciwon gwiwa, ranar na ga ya yi tsallen da ko ni ban iya ba. Hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma.

Ni kuma sai ilimina na gaskiya ya motsa. Na zari bokiti, na ruga magudanar ban ruwan gonar, na ciko shi fal, na taho a guje. Zulaiha ta ƙwalla ƙara, "Kada ka zuba! Da wuta a jiki!" Ta sheƙa ɗakin maigadi ta fizge fulogin. Na taka birki, ƙafata ta tsaya, amma ruwan bai ji umarni ba. Duk bokitin, da laka da gansakuka, ya sauka a gaban shaddar Alhaji.

Maigadi ya zo ya zuba ƙasa a kan dardumar. Allah ya tsare, wutar ba ta kai ga motar ba, amma gangan nan ya narke ya dunƙule kamar ƙanzon tuwo. Ni ina tsaye da bokiti a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Da ta ƙi tsagewa sai na koma borin kunya.

"Baba, wutar Masar ce ta cika ƙarfi. A Kano irin wannan wayar..."

"A Kano," in ji Alhaji yana matse bakin rigarsa, "awa nawa wutar take yi kafin a ɗauke?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi ta taƙama da shi a shagon Amm Ragab. Wayoyin gidanmu ba ƙarfi ne da su ba, ba a taɓa ba su lokacin da za su yi zafi ba ne. Kafin su fara ɗumi an ɗauke, su huta, mu kuma mu yi ta zagin masu wuta, ashe ceton ranmu suke yi.

"Wai kai injiniyan mene ne?" Alhaji ya tambaya.

Na sunkuyar da kai. "Ban ruwa, Baba."

Ya dubi rigarsa tun daga wuya har ƙasa, ya ce, "Wannan kam na shaida."

Hajiya ta shige ciki da sauri, amma motar gaba ɗaya tana girgiza da dariyarta. Jimlar kawu kuwa ba a ƙarasa ta ba. Muka dawo gari, na sauka a bakin titin Faisal, na tabbata na ƙone aurena da hannuna. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, na yi hawaye.

A rana ta uku Alhaji ya kira ni ya ce in raka shi shagon da na sayi wayar. A cikin mota ya ce, "Ba wayar ce ta dame ni ba, kowa yana kuskure. Maigadi ya ce duk mai shagon kirki sai ya gargaɗe ka, Zulaiha kuma ta ce ta nuna maka takarda. Mutumin da ba zai iya cewa bai sani ba a kan waya, ranar da 'yata ta kwanta ciwo me zai yi? Ya hura mata iska ya bubbuga?"

Muka shiga. Amm Ragab ya ga dunƙulen robar a hannuna, ya ajiye shayinsa. Na ce, "Amm Ragab, ban sani ba. Ka koya mini."

Ya kama kunnensa ya ce, "Na'am? Ma'alish, yi haƙuri, tsufa ne."

Na maimaita. Alhaji ya ce shi ma bai ji sosai ba, hayaniyar titi ta yi yawa. Na faɗa a karo na uku, da ƙarfin da har mai sayar da ruwan rake na maƙwabta ya leƙo. Sannan dattijon ya jawo wayar nan ruwan lemo, ya sake karanta mini darasin daga farko: a san nauyin kayan da za a kunna, a sayi mai kauri, kada tsawo ya wuce bukata, a warware ta duka, kada a rufe ta da komai. Ni na ɗauko ta a kafaɗa har mota, kuma nauyinta bai kai na kunyata ba.

Da yammacin ranar Alhaji ya kira kawu.

Da aka kawo kayan amarya, akwai wani kwali ɗaure da zare, an rubuta "na Injiniya" da rubutun Alhaji. Ba sai na faɗa muku ba, dunƙulen robar nan ne a ciki. Zulaiha ta ɗora shi a saman durowa, yana nan har yau. Abin da na koya shi ne, in abu bai taɓa ƙonewa a hannunka ba, ka bincika ko dai wani ne yake ɗauke wutar kafin ka kai ga halaka. Yanzu duk ranar da na buɗe baki na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne," ba ta musu da ni. Ido kawai take ɗagawa ta dubi saman durowa, ni kuma in ɗauki hulata in tafi in tambaya.