Injina da Bature Ya Sace

Zamanin da kuɗin mai suka cika ƙasa na ƙera injin ɓare gyaɗa a Sheme, na rantse babu irinsa a duniya. Malam Sani na firamare ya ce, "Fara bincikawa, kada a ce wani ya riga ka ƙera irinsa." Na ce hassada ce.

Na kwashi injin har Legas, ofishin rajistar ƙirƙira. Ma'aikacin ya buɗe tsohon kundi, sai ga zanen injina sak. Wai wani Bature ya yi rajistarsa tun kakana bai yi aure ba. Na daki tebur: "To, sace mini ya yi!"

Direbana da ya kai ni, munafukin, ya baza maganar. Har yau a kasuwar Ƙanƙara sai an tare ni: "Alhaji, an kama Baturen kuwa?"