Ranar da na yi wa Allah faɗa a mikro

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin zumuntar mata ta bara ba, ko da na so in manta.

A ƴar majami'armu ta Agadas, Mai Addu'a ake ce mini, kuma sunan ya hau mini kai. Mace ta zo tana kuka, sai in ɗaga mata yatsa in ce, "Ina bangaskiyarki?" (Ayoyi kuwa a bakina suke, ba na ko buɗe littafi.) Ana nan mijina ya ɗauki kamiyonsa, babbar motar ruwa, zuwa wurin masu haƙar zinariya. An ga wucewarsa a Segedin, can cikin hamada, daga nan shiru. Wata huɗu wayarsa ba ta shiga. Idan an tambaye ni, in yi murmushi in ce Ubangiji na riƙe da shi. A gida kuwa ko tuwo ba na iya ci.

Al'adarmu ce a wannan rana mata su ɗaura zane iri ɗaya, su riƙe sujada daga farko har ƙarshe, maza su zauna su saurara. Ni aka ba addu'ar matafiya. Kwana uku ina tsara ta a takarda, kuma gaskiya don in burge ne.

Na miƙe, na gyara ɗankwali, na karɓi mikro. Matafiyan Tawa da na Damagaram na sallame su lafiya lau. Da na zo kan "waɗanda ke cikin hamada", sai rubutun ya ɓace mini. Abin da ya fito daga bakina, da iya ƙarfina, shi ne:

"Ubangiji, na gaji! Wata huɗu! Ba ka ji ne? Ina ka kai mini shi?"

Sai kuka, ba irin na mutunci ba, mai majina da shessheƙa, lasifika na kai shi har titi. Fasto ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ce amin don rashin abin cewa.

Maman Rahila, tsohuwar da ke share mana majami'a, ta taso ta zare mikron daga hannuna. "Zauna, ɗiyata," ta ce. "Shekara nawa ina jin ki, yau ne kika yi addu'a."

Sati biyu ban leƙa waje ba. Hajiya maƙwabciyata ta shigo da kwanon fura ta ce, "Madam, mun ji. Allah ya bayyana shi." Wato duk unguwa ta ji.

Har yau bai dawo ba, ba labari. Akwai ranakun da ko tashi daga tabarma ba na iyawa. In da darasi, ga shi: mai hana wani kuka, nasa ne bai ɓata ba. Yanzu a bencin baya nake zama. Addu'ata ta koma kalma biyu, "Riƙe ni," kuma ko su ɗin, wata rana sai Maman Rahila ta faɗa a madadina.